Mothra: Sarauniyar Dodanni Da Ke Yaƙi Da Zaren Siliki

Kwanakin baya gardama ta kaure a majalisarmu bayan mun gama kallon wani fim ɗin Godzilla. Tambayar ita ce: a cikin duk dodannin nan, wa ya taɓa kai Godzilla ƙasa? Wani ya ce Kong, wani ya ce mai kai uku. Ni kuwa na ce Mothra, sai aka kwashe da dariya. Wani abokina har da riƙe ciki, wai yaya za a yi malam-buɗe-littafi ya kayar da dodon da ke feso wuta? To wannan dariyar ce ta sa na zauna na tattaro muku tarihin Mothra tun daga tushe, domin duk wanda gardama irin wannan ta ritsa da shi ya samu abin kafa hujja.

WACE CE MOTHRA?

Mothra, wadda mutanen Japan ke kira Mosura, ƙirƙirarriyar halitta ce ta kamfanin fim na Toho da ke Tokyo, kamfanin da ya fito da Godzilla a 1954. Siffarta irin ta ƙwaron nan ne da ke zagaya fitila da daddare, wanda wasu ke kira faɗa-wuta, ɗan uwan malam-buɗe-littafi. Bambancin kawai girma ne. A fim ɗinta na farko, faɗin fukafukanta ya kai mita 250, wato sama da tsawon filin ƙwallo biyu a jere.

A Japan ana kiran irin waɗannan manyan dodanni "kaiju". Yawancinsu ɓarna ce aikinsu: su fito daga teku ko daga ƙarƙashin ƙasa, su rushe gari, sojoji su yi ta harbi a banza. Mothra ta fita daban. Tana da gida, tana da mutanen da ke girmama ta, kuma ba ta tashi sai da dalili. In ka ga ta nufo gari, to wani ne ya taɓa abin da ba nasa ba.

YADDA AKA ƘIRƘIRO TA

Labarin a rubuce ya fara. Furodusa Tomoyuki Tanaka ya nemi a rubuta masa sabon labarin dodo, sai marubuta uku suka raba aikin a tsakaninsu: Shin'ichiro Nakamura da Takehiko Fukunaga da Yoshie Hotta. An buga labarin a mujalla a farkon 1961. Daga nan Shinichi Sekizawa ya mayar da shi rubutun fim, Ishiro Honda ya ba da umarni, Eiji Tsuburaya ya riƙe ɓangaren dabarun hoto. Honda da Tsuburaya su ne dai suka yi Godzilla na farko. Fim ɗin ya fita a Japan ranar 30 ga Yuli, 1961, kamfanin Columbia kuma ya kai shi Amurka a 1962.

Ku tuna lokacin babu zancen haɗa dodo da kwamfuta. Da hannu aka gina ƙananan gidaje da tituna da motoci, aka ɗinka ƙatuwar rigar tsutsa, mutane da yawa suka shige ciki a jere suna tafiya da ita. Cikinsu har da Haruo Nakajima, mutumin da ke sanya rigar Godzilla. Babbar mai fukafukai kuwa da wayoyi ake rataye ta daga sama ana motsa ta.

TSIBIRIN INFANT DA LABARIN FARKO

Gidan Mothra wani tsibiri ne da aka ƙirƙira a kudancin tekun Fasifik, ana ce masa Infant. A labarin, wata babbar ƙasa mai suna Rolisika ta daɗe tana gwajin makaman nukiliya a wurin, da hujjar cewa ba kowa a ciki. Sunan Rolisika haɗin sunan Rasha ne da na Amurka, don haka kowa ya san da su wa ake.

Fim ɗin ya buɗe da guguwar teku da ta kifar da wani jirgin ruwa. Aka tsinci mutum huɗu da rai a tsibirin, kuma gubar nukiliya ba ta taɓa su ba. Da aka tambaye su, suka ce mutanen wurin ne suka ba su wani jan ruwa suka sha. Kenan akwai mutane a tsibirin. Sai aka tura tawagar bincike ƙarƙashin wani ɗan kasuwar Rolisika mai suna Clark Nelson. A ciki akwai masanin harsuna Dakta Chujo, da wani ɗan jarida mai ban dariya, Fukuda, wanda ya saci hanya ya shige jirgin.

A tsakiyar dajin tsibirin suka ci karo da wasu 'yan mata tagwaye, tsayinsu bai wuce santimita 30 ba. Su ake kira Shobijin, ma'ana ƙananan kyawawa. Tawagar ta amince a rufe maganar, a bar su su zauna lafiya. Amma Nelson ya koma a ɓoye da 'yan bindigarsa, ya harbe mutanen tsibirin da suka yi ƙoƙarin tare shi, ya sace tagwayen, ya kawo su Tokyo yana nuna su a dandalin wasa ana biyan kuɗin shiga.

Abin da bai sani ba shi ne, waƙar da yake sa su rera wa 'yan kallo kira ce. A can tsibirin mutane na rawa da kiɗa gaban wani ƙaton ƙwai, ƙwan ya fashe, tsutsa ta fito ta faɗa teku ta nufi Japan. Jiragen yaƙi suka yi mata ruwan wuta, ta nutse ta sake ɓullowa. Ta fasa madatsar ruwa, ta ratsa Tokyo, ta karya Hasumiyar Tokyo, ta saƙa gidanta na siliki a jikin karyayyen ƙarfen. Hasumiyar nan mai tsayin mita 333 a ƙarshen 1958 aka gama ta, abin alfaharin ƙasar ce a lokacin. Ku auna yadda 'yan kallo suka ji da suka ga tsutsa ta mayar da ita wurin kwanciya.

Rolisika ta aiko da manyan bindigogi masu zafin nukiliya aka ƙona gidan saƙar, kowa ya ɗauka an gama. Ashe Mothra na ciki da ranta, ta fasa ta fito da fukafukanta. Nelson ya riga ya gudu da tagwayen zuwa ƙasarsa, sai ta bi shi har birnin New Kirk, iskar fukafukanta kaɗai na kifar da motoci tana yaye rufin gidaje. Ƙarshe 'yan sandan ƙasarsa suka harbe Nelson. Chujo da abokansa suka sa aka zana alamar Mothra a filin jirgin sama, aka kaɗa ƙararrawar coci-coci, ta sauka, aka miƙa mata tagwayen, ta ɗauke su ta koma gida. Ba a kashe ta ba, ita ma ba ta tsaya ramuwa ba. Abinta kawai ta zo karɓa.

MATAKAN RAYUWARTA

Mothra na bin matakai huɗu irin na ƙwarin gaske.

1. Ƙwai. Ƙato ne mai ratsin shuɗi da ruwan ɗorawa. Wani lokaci tsutsa ɗaya ke fitowa, wani lokaci biyu.

2. Tsutsa. Launin ƙasa-ƙasa, ba ta da fukafukai, tana iyo a teku, tana cizo, tana feso zaren siliki daga baki.

3. Gidan saƙa. Takan nemi wuri mai tsayi ko mai kariya ta naɗe kanta da zare har ta canja siffa.

4. Babba mai fukafukai. Makamanta su ne iska mai ƙarfi da wata hoda mai guba da take kakkaɓowa daga fukafukai. A wasu finafinan an nuna cewa hodar makamin ƙarshe ce, in ta fara zubar da ita to ta san ba za ta daɗe ba.

Saboda wannan zagayen ne Mothra take mutuwa a finafinai da yawa amma kullum tana dawowa. Uwa ta faɗi, ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'ya su ɗora daga inda ta tsaya.

ZAREN SILIKI: MAKAMIN DA AKE RAINAWA

Nan ne gundarin gardamarmu. A fim ɗin Mothra vs. Godzilla na 1964, guguwa ta kwaso ƙwan Mothra ta yar a gaɓar Japan. Wasu 'yan kasuwa biyu, Kumayama da Torahata, suka saye shi daga hannun masunta don su gina wurin shaƙatawa a riƙa biya ana kallo. Tagwayen suka zo suna roƙo a mayar musu, 'yan kasuwar suka nemi ma su haɗa da su su kama. Da Godzilla ya ɓullo ya fara ɓarna, sai ga mutanen Japan sun tafi tsibirin Infant neman taimako. Mutanen tsibirin suka ƙi da farko, kuma ni ban ga laifinsu ba. Amma Mothra, duk da ta tsufa ta kusa mutuwa, ta yarda ta je.

Ta yi faɗa da Godzilla, har ta kama shi ta wutsiya ta ja shi a ƙasa, sannan ya same ta da wutarsa, ta lallaɓa ta mutu a jikin ƙwanta. Tagwayen suka rera waƙa, ƙwan ya fashe, tsutsotsi biyu suka fito. Suka bi Godzilla har wani tsibiri mai suna Iwa, suka laɓe a bayan duwatsu, wannan ta feso zare ta nan, waccan ta feso ta can, har suka naɗe shi tamau ya kasa motsi, ya gangara ya faɗa teku. Jarirai ne fa, ranar aka ƙyanƙyashe su. Abin da tankokin yaƙi da wutar lantarki suka kasa yi, zare ya yi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu magana.

A ƙarshen wannan shekarar ta 1964 aka sake fitar da Ghidorah, the Three-Headed Monster. A ciki tsutsar Mothra ta samu Godzilla da Rodan suna ta faɗa, ta roƙe su su haɗa kai a kan dodon sararin samaniya mai kai uku, tagwayen na fassara wa mutane abin da dodannin ke cewa. Suka ƙi, suka ce ba ruwansu da 'yan Adam. Sai ta tafi ita kaɗai, Ghidorah na ta wurgi da ita, har kunya ta kama su suka shigo. Ta hau bayan Rodan, ya tashi da ita sama, ta riƙa feso zare a kan kawunan Ghidorah. Daga wannan fim ɗin ne Godzilla ya fara komawa jarumi maimakon bos, kuma Mothra ce sila.

SILIKIN GASKE

Ba a banza marubutan suka zaɓi wannan ƙwaron ba. Tsutsar siliki ta gaske, wadda masana ke kira Bombyx mori, ganyen bishiyar mulberi take ci, sannan ta fitar da zare ɗaya tal daga bakinta ta naɗe kanta da shi. Zaren gida ɗaya yakan kai ɗaruruwan mita. Don a samu zaren bai tsinke ba, ana jefa gidan cikin ruwan zafi tun ƙwaron na ciki, ya mutu kafin ya yi fukafukai. Waɗanda aka bari suka fito ma ba sa iya tashi, saboda dubban shekarun da mutum ya yi yana kiwonsu.

Japan kuwa da siliki ta tara kuɗin gina masana'antunta. Gwamnati ta buɗe masaƙar Tomioka a 1872, kuma a farkon ƙarni na 20 ƙasar ce kan gaba wajen sayar wa duniya zaren siliki. UNESCO ta sa masaƙar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Don haka duk ɗan Japan na 1961 ya san tsutsar siliki, ya san ita ake dafawa a ci riba. A Mothra sai aka juya lamarin: aka ƙona gidan saƙar da wuta mafi zafi, amma ƙwaron ya fito da rai, ya kuma tashi sama.

Mu ma nan ba baƙin abin ba ne. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi daga saƙar tsutsar daji yake, wadda masana ke kira Anaphe. Ita tsutsotsin taruwa suke yi da yawa su saƙa gida ɗaya. In kana da kaka ko kawu mai tsohuwar riga 'yar asali, duba aikin wuyan da kyau, wataƙila dangin Mothra ne suka saƙa zaren.

TAGWAYEN DA WAƘAR

Ga masoya waƙa, wannan ɓangaren naku ne. Waɗanda suka fito a matsayin Shobijin a finafinai uku na farko mawaƙa ne na gaske, tagwaye Emi Ito da Yumi Ito, da aka fi sani da The Peanuts. An haife su a 1941, kuma lokacin fim ɗin suna tashe sosai a Japan. Muryoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa in suna magana tare sai ka ji kamar mutum ɗaya ne da amo biyu. Sun bar waƙa a 1975. Emi ta rasu a 2012, Yumi a 2016.

Wanda ya tsara kiɗan Waƙar Mothra shi ne Yuji Koseki, mutumin da ya yi kiɗan faretin buɗe gasar Olamfik ta Tokyo a 1964. Baitocin waƙar ba da Japananci ake rera su ba, da harshen Indonesiya ne, don a ji ƙamshin tsibiran kudu. A fim ɗin 1964 kuma Akira Ifukube, mai kiɗan Godzilla, ya ƙara wasu waƙoƙin masu sanyi da ratsa zuciya. Bayan shekara 58, Bear McCreary ya ɗauko karin waƙar Koseki ya saka a fim ɗin Amurka na 2019.

Abin da ke burge ni shi ne, a duniyar Mothra waƙa tana da aiki a cikin labari. Da ita ake kiran dodo, da ita ake fasa ƙwai. Cire waƙar, labarin ya tsaya cak. Sannan ku dubi Nelson: ya mallaki masu murya, ya kulle su a keji, yana karɓar kuɗin ƙofa, su ko sisi. Duk mawaƙin da ya taɓa sa hannu a takardar da bai karanta ba zai gane wannan labarin tun kafin a fassara masa.

SAURAN FINAFINANTA A TAƘAICE

1966, Ebirah, Horror of the Deep: wata ƙungiyar miyagu ta kwashe mutanen Infant tana bautar da su, Mothra ta farka a ƙarshe ta kwashe su kafin tsibirin miyagun ya tarwatse.

1968, Destroy All Monsters: baƙi daga sararin samaniya sun mallake hankalin dodanni, aka tura tsutsarta ta afka wa birnin Beijing.

1992, Godzilla vs. Mothra: an kawo mata baƙin ɗan uwa mai suna Battra, tagwayen kuma aka sa musu suna Cosmos. A nan jikin ginin majalisar dokokin Japan ta saƙa gidanta. A ƙarshe ta tafi sararin samaniya don kawar da wani dutse da ke shirin faɗo wa duniya.

1996, 1997 da 1998, Rebirth of Mothra kashi uku: finafinanta ne ita kaɗai ba Godzilla, an yi su don yara, kuma ɗanta Leo ne jarumin.

2001, Godzilla, Mothra and King Ghidorah: darakta Shusuke Kaneko ya sa ta cikin dodanni uku masu tsaron ƙasar Japan.

2003, Godzilla: Tokyo S.O.S.: Hiroshi Koizumi ya dawo a matsayin Dakta Chujo bayan shekara 42. Jikansa ya jera teburan makaranta a siffar alamar Mothra ya kira ta. Tsutsotsi biyu suka sake naɗe Godzilla da zare.

2004, Godzilla: Final Wars: ta kara da Gigan.

2019, Godzilla: King of the Monsters: Michael Dougherty ya ba da umarni. Ta ƙyanƙyashe a lardin Yunnan na ƙasar Sin, ta saƙa gidanta a ƙarƙashin wani ruwa mai zubowa daga dutse. A birnin Boston ta manne Ghidorah a jikin bene da zare, ta soke Rodan, sannan ta ba da ranta don Godzilla ya samu ƙarfi. A nan aka kira ta Sarauniyar Dodanni. Zhang Ziyi ta fito a matsayin masana biyu tagwaye, don tunawa da Shobijin.

2024, Godzilla x Kong: The New Empire: yarinyar nan Jia ce ta tashe ta, ta zo ta raba Godzilla da Kong a Masar, ta sa suka haɗa kai. Aikin da ta yi a 1964 dai shi ta maimaita.

ME YA SA LABARIN KE DA NAUYI?

Tsibirin Infant ƙirƙira ne, amma abin da aka yi masa ya faru da gaske. Amurka ta yi gwaje-gwajen nukiliya a tsibiran Bikini bayan ta kwashe mazauna wurin a 1946. Ranar 1 ga Maris, 1954, tokar wani gwaji ta zubo kan jirgin masunta na Japan mai mutum 23, dukkansu suka kamu da ciwo, ma'aikacin rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba na shekarar. Sannan a 1960, shekara ɗaya kafin fim ɗin, dubban ɗaruruwan mutane sun yi zanga-zanga a Japan kan yarjejeniyar tsaro da Amurka. A cikin wannan yanayin aka rubuta labarin ƙaramin tsibiri da manyan ƙasashe suka mayar wurin gwaji, suka ce ba kowa a ciki.

A ganina wannan ne ya bambanta ta da Godzilla. Shi bala'i ne da ke afka wa mai laifi da marar laifi. Ita kuwa da ƙorafi take zuwa, kuma ana iya sasantawa da ita: mayar da abin da ka ɗauka, ta juya ta tafi. A finafinan 1961 da 1964 da 1992 mugun na gaskiya mutum ne mai kwat da jakar kuɗi.

DAGA INA ZA KA FARA?

In sabon shiga ne kai, fara da na 1964, domin shi ya fi haɗa labari da faɗa da waƙa a wuri ɗaya. Daga nan ka koma na 1961 ka ga asali, sai na 1992, sannan na 2019. Kar tsufan hoton ya kore ka. Ka ba shi minti 20 kawai, za ka manta cewa gidajen na katako ne.

Shi kuwa abokina mai dariya, na tura masa fim ɗin 1964 a waya. Washegari da muka haɗu bai ce komai ba, sai da aka kusa tashi ya ce ai su biyu ne suka taru a kan mutum ɗaya, ba adalci. Na ce to, ka dai yarda an kayar da shi ko? Har yanzu bai ba ni amsa ba.